Tankin Abu Tala

Ranar Talata ake sako wa unguwarsu ruwa a garin Zarƙa, saboda haka Rawan na tsakiyar wanki, 'yarta Tala mai shekara biyu na rirriƙe da ƙafarta, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jami'i ne daga ofishin izinin zama, da fayil a hammata.

"Ke ce kika tsaya wa Mu'utasim Idris, ɗan Sudan, a matsayin mijinki?"

"Ni ce, Yallaɓai. Yana gidan burodi, sai la'asar zai dawo."

"An turo ni in tabbatar a nan yake zaune. Na tambayi mai shago, na tambayi mai aski, na tambayi mutum biyu a ƙofar masallaci. Duk sun ce ba su san shi ba."

Nan take Rawan ta tuna. Bara, da takardar Mu'utasim ta ƙare, ita da ƙafarta ta bi layin nan gida-gida tana roƙo: duk wanda ya zo da fayil yana tambaya, a ce ba a san shi ba. Suka rantse mata. Da ta kai sabbin takardu ofis, ba ta tuna ta koma ta warware musu ba. Ga shi sun riƙe amana.

Ta nuna masa takardar aure, da hoton ranar biki, da takalman mijin a bayan ƙofa.

"Takarda da hoto kowa na da su, 'yar'uwa. Waɗanda suka yi auren biza sun fi ki hotuna. In maƙwabta ba su shaida ba, abin da zan rubuta ke nan, sai ya koma ƙasarsa ya jira."

Ta dubi Tala, wadda ba ta cin abinci sai a cinyar ubanta.

"Saura mai gidan nan," in ji jami'in. "Mu hau. Amma ni zan yi tambaya, ke ki yi shiru."

Suka tarar da mai gidan, Umm Fawwaz, a saman bene, tsohuwa mai kaifin baki, tana juya ganyen mulukiya, wato lalo, da ta shanya a gefen tankunan ruwa.

"Hajiya, akwai wani Mu'utasim a gidan nan?"

Tsohuwar ta dubi fayil, ta dubi Rawan, ta ɗaure fuska. "Mu'u wa? Ɗana, shekarata arba'in a gidan nan, ban taɓa jin sunan ba. Yarinyar nan ita kaɗai take, baiwar Allah."

Har ta ɗan kashe wa Rawan ido. Jami'in ya zare biro.

Rawan ta dubi biron a hannunsa. In ta ce Inna faɗi gaskiya, zai ce a gabansa ta koya mata. In ta yi shiru, shi ke nan. Sai ta ji ƙarar ruwa na zuba a tankinsu, ya kusa kaiwa baki. Ta gyara wa Tala zama a kafaɗa, ta yi magana kamar da 'yar take yi.

"Kin ga tankinmu, Tala? Tunda muka zo gidan nan bai taɓa ambaliya ya ɓata wa kowa shanya ba."

Hannun Umm Fawwaz ya tsaya cak a cikin ganyen.

"Me kika ce? Bai taɓa ba? Ke Rawan, ki ji tsoron Allah! Sau uku! Mulukiyata ta shekara guda ta zama kunu, wa ya jawo? Ba dogon mijin nan naki ba? Kullum 'Inna zan gyara, Inna gobe.' Abu Tala, uban 'yar nan, sarkin gobe! Shekara uku ina jin minsharinsa ta bango, ya tashi da asuba ya banko min ƙofa, wai sammakon burodi, sannan ki tsaya a gabana ki ce..."

Ta ga biron na gudu a kan takarda. Ta dafe baki.

"Wayyo ni. Ɗana, tsufa ne, kada ka rubuta."

"Na riga na rubuta, Hajiya." Ya juyo ga Rawan, ba alamar wasa a fuskarsa. "Me ya sa layi guda ya yi min ƙarya?"

"Ni na roƙe su, Yallaɓai, bara da takardarsa ta ƙare. Maganar ƙarewar tana cikin fayil ɗin, ban ɓoye ba. Tsoro na ji kada a raba yarinyar nan da ubanta."

Ya buɗe shafin ya karanta. Ruwa ya fara tsiyaya daga bakin tankin.

"Ranar Lahadi ku zo tare, ƙarfe tara. Na rubuta cewa na same shi a gidan nan yake zaune." Ya rufe fayil ɗin. "Ki ce masa ya gyara tankin nan."

Sai da takunsa ya ɓace a ƙasan bene sannan Rawan ta zauna daɓas. Umm Fawwaz na ta kwashe ganye daga hanyar ruwa.

"Sau huɗu ke nan," ta ce. "Tashi ki rufe famfon, 'yar nema."