Alewar Ban Haƙuri

Shekara ashirin da biyu yayata Fumie tana koya wa yaran unguwarmu rubutun ƙawa da burushi da tawada, ba wanda ya taɓa jin kanta da kowa. Rana ɗaya wani ɗan banza, wanda har yau ba a san ƙasar da yake ba, ya ƙwace shafinta na intanet, ya ɗora hotonta yana tallan maganin ciwon gwiwa. Tsofaffin unguwa suka ga fuskar malama, suka yi ta tura kuɗi. Magani dai ko ƙwaya ɗaya ba su gani ba.

Na raka ta wurin 'yan sanda. Wani Sufeto Nagamine, mai tumbi da biro uku a aljihu, ya ce sai an bugo masa shafin a takarda, shi ba ya karɓar shaida a waya. Muka bugo. Ya yi ta juya takardun kamar mai zaɓen kifi a kasuwa.

"Malama, ai ke ba a yi miki sata ba," in ji shi. "A doka shafin na kamfani ne. Shi aka shigar wa gida, shi zai kawo ƙara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, fuskar fa? Ita ma ta kamfanin ce?"

"Fuska ba ta cikin jerin kayan sata."

Ka ji masu tsaron al'umma! Ɓarawo ya yi fiffike, su suna nan suna neman sawunsa a ƙasa.

Da muka dawo gida Fumie ta ɗauko baƙar rigarta ta zuwa ban haƙuri. Nan take na gane nufinta.

"Yaya, kar ki soma! Me kika yi musu?"

"Da sunana aka cuce su, Chizuru. In zauna kamar ban ji ba?"

Ta sayo kwali goma sha ɗaya na alewar wake, ta bi gida-gida tana rusunawa har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, tana cewa a gafarce ta da damuwar da ta jawo. Abin da kowa ke faɗa ke nan a wurinmu, ko da kai aka taka wa ƙafa. Amma ɗan tsohuwa Tsurumi, wadda ta fi kowa asara, ya cire hotonta tana rusunawa daga kyamarar ƙofarsu ya kai wa 'yan sanda.

Wai sai ga doka ta warke daga gurguntaka! Kwana uku tsakani Nagamine ya zo da kansa, har da mota.

"Wanda bai yi laifi ba, me ya kai shi rabon alewa?" ya tambaye ta. Shi fa, da ko ƙofa ya buge sai ya ba ƙofar haƙuri.

Kwana tara suka riƙe ta. Tana can a tsare, ɓarawon ya ƙara da tallan maganin ciwon baya, duk da hotonta. Nagamine ya ce wataƙila abokin aikinta ne. Da suka rasa abin kamawa suka sake ta ta ƙofar baya, ba wanda ya fito ya gaya wa unguwa cewa ba ta da laifi. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar, ranar darasi, Fumie ta tashi da wuri, ta niƙa sandar tawada da ruwa, ta jera wa yara matasan zama goma sha biyu, ta buɗe ƙofa. Tana nan zaune har tawadar ta bushe.