Bas Ta Tsaya a Baranda

A gidan kula da tsofaffi akwai wani dattijo da kowa ke kira Direba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas kafin ciwon mantuwa ya kawo shi nan. Kullum bayan karin kumallo sai ya jera kujeru a baranda, ya hakimce a ta gaba, ya riƙe murfin tukunya kamar sitiyari. Tsofaffi su shiga, a kama hanya.

Nas ɗin da ke kula da shi ba ta taɓa hana shi ba. Muddin yana kiran tashoshi bi da bi, hankalinta a kwance yake.

Ran nan tana raba magani sai ta ji shiru. Ta leƙa. Direba ya taka burki, yana jujjuya murfin.

"Malam, ka wuce kasuwa," in ji Uwar Biyu, tsohuwar da kullum take ƙorafin gudu ya yi yawa.

Ya kai murfin baki ya ciza.

Nas ta matso. Sai yanzu ta lura maɓallan rigarsa sun saɓa, shayinsa ya huce ba a taɓa ba, cokali kuma na cikin takalminsa. Jiya ma ruwa ya sarƙe shi.

Likita ya zo ya gwada jini da fitsari, ko wata cuta ce ta rikita shi. Babu komai. Ya ce, "Ciwon ne ya ƙara gaba. A sassauta masa abinci, a kira 'yarsa."

Fasinjoji kuwa suka ce allambaran ba sa sauka daga bas.

"Ni ba na sauka a daji," in ji Uwar Biyu, ta ƙanƙame jakarta.

Ba yadda nas ta iya, ta ce musu mota ta lalace. Ta kira mai shara ya kwanta ƙarƙashin kujera da tsintsiya, ya taso ya ce sai an kawo kayan gyara. Sannan suka sauka, suna tsine wa kamfanin motar.

Da la'asar 'yar ta iso. Nas ta nuna mata yadda za ta tallafe masa kai, ta ba shi abinci a hankali, ta jira ya haɗiye. Ya karɓi loma, ya ƙura wa 'yar tasa ido.

"Yarinya, ke 'yar wane ne?"

"'Yar wani direba ce, Baba."

"Allah sarki," ya ce. "Ai ba sa zaman gida. Ki yi haƙuri da shi."