Jan Layi

Injiniya ake ce masa a asibitin ƙodar, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Aikinsa kwamfuta. Shi ya haɗa musu shafin da ake ganin masu jiran wankin ƙoda, kowa da layinsa: suna, lambar waya, sakamakon gwajin jini. Injinan wankin kaɗan ne, marasa lafiya kuwa birjik, don haka ba mai zuwa sai an kira shi. Mai kiran wata dattijuwa ce, Anti Waya, da take zama bakin taga da tabarau a karan hanci, tana bin shafin daga sama zuwa ƙasa.

A cikin sunayen akwai na surukinsa, mahaifin matarsa, tsohon direban babbar mota da ƙoda ta zaunar. Injiniya ne ya yi ta zarya har aka sa shi a jerin, kuma tun daga nan dangin matar suka ɗauke shi tamkar likita. Shi ma, Allah ya gani, abin yana masa daɗi.

Ga shi da son ƙawata aiki. Layi ɗaya fari, na ƙasansa ruwan toka, don kada ido ya zame. Wanda aka danna ya koma shuɗi. Sai ya ja kujera baya ya yi ta kallon shafin yana murmushi shi kaɗai.

Wata safiya Sista Babba, shugabar sashen, za ta tafi wani taro na kwanaki, ta turo masa saƙo a waya: “Duk wanda gwajin jininsa ya haura shida a yi masa jan layi. Yau nake so.”

To, nan abin ya karkace. Da a baki ta faɗa, da kunne ya raba gardama, don jan layi na launin ja da jan layi na a soke suna da biro ba muryarsu ɗaya ba. Amma rubutu ba ya ɗauko murya. Ita ja take nufi, ja wur, don a san waɗannan su ne a bakin mutuwa, a fara kiransu. Shi kuwa ya karanta ɗayan. Zuciyarsa ta ɗan ce masa ya tambaya, sai ya tuna ranar da ya yi mata wata tambaya ta ce masa a gaban mutane, “Komai sai na tauna na ba ka a baki?” Ya haɗiye tambayar. Kafin azahar ya gama: duk wanda gwajinsa ya haura shida, wani siririn baƙin zare ya ratsa sunansa daga wannan gefe zuwa wancan. Aiki tsaf, ba karkata.

Abin da bai sani ba, Anti Waya tun zamanin takarda take wannan aikin, kuma a wajenta sunan da aka ja wa layi mai shi ya rasu ke nan, ko ya koma wani asibiti. Ta ga sunaye 'yan kaɗan a soke, ba ta yi mamaki ba, don a sashen nan mutuwa ba baƙuwa ba ce. Ta yi musu addu'a a ranta, ta tsallake su.

Injiniya ya ga sunan surukinsa a cikin sokakkun. Maimakon gabansa ya faɗi, sai bawan Allahn nan ya yi wa kansa fassara: ai waɗanda aka gama dubawa ne. Haka ya je gida ya faɗa.

Ƙafafun tsohon suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Numfashi ya koma sama-sama. Yayan matar ya ce, “Mu ɗauke shi mu kai shi kawai, in sun ga dama su kore mu.”

“Haba Yaya,” in ji Injiniya, “ni da nake ciki? In kuka kai shi ba kira, ni za ku ja wa magana. Na ga sunansa da idona, an yi masa alama. Kira ne kawai ya rage.”

Matarsa ta dube shi, idonta ya yi ja don rashin barci. “Ka tabbata, Baban yara?”

“Ki kwantar da hankalinki.”

Ta kwantar, don ta yarda da shi. Ta koma gidan mahaifinta da zama, wayarta kullum a hannu, ko banɗaki ba ta shiga sai da ita.

Ranar da Sista Babba ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta leƙa ɗakin wanki. Ta ga fuskokin da suke kan gadajen, ba su ne waɗanda take tsammani ba. Ta zo ta tsaya bayan Anti Waya.

“Ina masu ja?”

“Wane ja, Sista?”

Sista ta sunkuya ta ƙura wa shafin ido. Ta sa yatsa a kan wani suna. “Wannan fa?”

“Allah ya jiƙansa, ai an soke shi.”

Aka aika a kira Injiniya. Ya taho da saurinsa, har ya bar wayarsa a kan tebur, a zatonsa wani abu ne ya maƙale. Ya shirya wa masifa, amma Sista ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

“Ja na ce maka. Launi. Waɗannan da ka soke, zuciyarsu tana iya tsayawa kowane lokaci.”

Ya zauna a kujerar Anti Waya, ya shiga inda ake canza kamannin layi. Ya cire zaren, ya zaɓi ja. Abin takaici, gyaran bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Sunayen suka tashi jawur a kan shafin.

“Kira su,” Sista ta ce wa Anti Waya. “Duka. Yanzu.”

Na farko ya ɗauka, aka ce ga su nan tafe. Na biyu wata mata ce ta ɗauka, ta ce jiya aka kai mai sunan makwancinsa, ta kashe. Anti Waya ta cire tabarau ta goge ido, ta danna na uku. Injiniya ya san lambar, shi ya rubuta ta da hannunsa. Ta matarsa ce.

Wayar ko gama ringin farko ba ta yi ba aka ɗauka. Ɗakin ya yi tsit, har muryar tana fitowa kowa na ji.

“Daga asibitin ƙoda ne, a kawo Baba yanzu-yanzu,” in ji Anti Waya.

“Alhamdu lillahi! Wallahi mijina ya ce za ku kira. Yau ma da sauƙi, tun ɗazu ya samu barci, bai ko motsa ba. Bari in tashe shi.”

Ba ta kashe wayar ba. Suka ji takunta, suka ji ƙarar ƙofa.

“Baba, tashi, sun kira. Baba. Baba?”

Sista ta riga ta gane, ta juya fuskarta ga bango. Anti Waya ta miƙo wa Injiniya wayar, shi kuwa ya kasa ɗaga hannu ya karɓa. A ciki matarsa tana ta kiran mahaifinta.