Gicciye a Gefen Betimes

"To, da kana kiwon tumaki, yaushe kake tashi?" in ji Philippa Garside, tana matsar da rakoda kusa da bakin tsohon.

"Ƙarfe biyar," in ji Wilf Outhwaite. Ya ci gaba da tsoma biskit a shayi.

Zuwanta na tara ke nan gidan tsofaffin nan na Yorkshire, duk saboda kalma guda: betimes, wato da wuri. Shekara ɗari bakwai mutanen Ingila suna tashi da ita, amma ofishin ƙamus da Philippa ke wa aiki ya ce yau da ƙarfe huɗu za a buga mata gicciye a gefe, alamar ta mutu. Sai fa in an ji ta a bakin mai rai, ba tare da an sa masa ita a baki ba. Wata nas ta rantse ta taɓa jin Wilf ya faɗe ta. Philippa kuwa, shekararta shida a kan harafin B, son kalmar take kamar ita ta haife ta.

"Kafin ƙarfe biyar ɗin fa?"

"Barci nake, yarinya. Ke me kike yi?"

Ta nuna masa hoton zakara, ya ce bai kai na maƙwabcinsa ƙiba ba. Ta kishingiɗa ta yi minsharin ƙarya, ta zabura ta yi miƙa. Ya tambaye ta ko a kira likita.

Huɗu saura kwata haƙurinta ya ƙare, idonta ya kawo ruwa.

"Baba Wilf, don Allah, akwai wata kalma..."

"Na sani. Ta kakata. Tun ranar farko na gano ki."

"To ka faɗa mana!"

"In faɗa, ki kashe na'urarki ki kama hanya? Ɗana yana nan Leeds, tafiyar awa guda, rabona da shi tun Kirsimeti. Ke kin zo sau tara." Ya kurɓi shayi. "Kalmar nan ta ci duniya shekara ɗari bakwai. Ni tamanin da bakwai kacal."

Kunya ta rufe Philippa. Ta ɗauki wayarta, ta kira ofis.

"A buga gicciyen," in ji ta.

Ta cire kwat ɗinta ta rataye a bayan ƙofa, ta gyara zama.

"Tumakin nan, nawa ka ce ne?"