Teku a Gonar Alkama

A yankinmu na Kansas itace ya yi ƙaranci, shi ya sa kakanninmu suka sassaƙa dutse suka yi ginshiƙan shinge da shi. Duk wanda ka duba za ka ga ƙumba da katantanwa daskare a jikinsa, alhali tsakaninmu da teku tafiyar yini biyu ce a mota. Ina 'yar shekara shida babana, Orval Pruitt, ya ɗora yatsana a kan wata ƙumba ya ce, "Ruwan Ɗufana ya taɓa bi ta gonarmu." Tun daga ranar, in iska ta kaɗa alkama, sai in ga ruwa ya shanye rumbu da hasumiyar coci, kifaye masu tsawon tarakta suna shawagi a kan shanunmu, su kuwa shanun ko ɗaga kai ba sa yi.

Na girma na zama malamar kimiyya a makarantar gwamnati ta garinmu. Tekun bai tafi ko'ina ba, shekarunsa ne suka ƙaru. Ni ina gaya wa yara shekara miliyan casa'in, Baba yana nan a kan dubu huɗu da 'yan kai.

Sai ga wata takarda. Wasu iyaye suka kai wa kwamitin makaranta, wai dole in karanta wa ɗalibai ita kafin darasin asalin halittu: cewa a kwana shida aka yi duniya, kuma wannan ma kimiyya ce daidai da ta cikin littafinsu. Na ce ranar da aka amince da ita, ranar zan ajiye allina. Mutum bakwai ne a kwamitin. Uku suna so, uku ba sa so, na bakwai kuma Baba ne.

Ranar ƙuri'a da safe ya kira ni, wai wani ginshiƙi ya faɗi.

"Malama, kama can," in ji shi, "ko kimiyya ta hana ɗaga dutse?"

"Ta dai hana tsoho ɗan saba'in da huɗu."

Muka tayar da shi da ƙyar, muna haki. Baba ya share gumi da hularsa.

"Takardar nan layi biyar ce fa, Lorna. Ki karanta kamar sanarwar abincin rana, ki wuce."

"Yaran za su ɗauka na yarda da shi."

"Taurin kai dai."

"Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a bayan a-kori-kurarsa ya zuba gahawa a murfin flas. Rana ta ɗaga, alkama na kwantawa tana tashi, sai na sake ganin ruwan nan, kore, mai ɗumi, mu biyu a can ƙasansa, muryar Baba na zuwa min a hankali kamar daga wani ɗaki.

"Ni ba shekarun dutse ne suka dame ni ba," ya ce. "Littafi Mai Tsarki guda ɗaya ne. In shafin farko ya karkace, me zai riƙe na ƙarshe? A na ƙarshen ne aka ce zan sake ganin uwarki."

Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama, bai taɓa ambatar ta a gabana ba sai ranar.

"Ke kin yi karatu. Gaya min, zan gan ta?"

Tausayinsa ya kama ni. "E" ɗin nan tana kan harshena, ba ta da nauyin komai, ba kuma mai ji sai shanu.

"Ina fata, Baba," na ce. "Amma ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya zubar da sauran gahawar a ƙasa.

Ƙarfe huɗu aka taru a ɗakin karatun makaranta, har da na tsaye. Shugabar kwamiti, Misis Hadley, ta ce masu goyon bayan takarda su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi. Abokan Baba na coci suka zuba masa ido, wani har da gyaran murya. Shi kuwa ya kifa tafukansa a kan tebur yana kallon taga. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, nasa ne ya tashi a ƙarshe, iya kafaɗa.

Na cim masa a wajen motarsa. Ba wanda ya tsaya gaisawa da shi.

"Baba, me ya sa?"

"Da kin ce min e ɗazu, da na san bakinki zai iya karanta takardar, da kuwa na sa ki," ya ce. "Wadda ta kasa yi wa tsohon ubanta ƙarya, ina za ta iya yi wa 'ya'yan mutane?"

Ya shiga ya ja ƙofa, ya daɗe riƙe da makulli bai murɗa ba. Sannan ya sauke gilashi.

"Amma da kin faɗa ɗin, Lorna," ya ce. "Da na ji daɗi."