Meram a Gaban Sista

Bayan rasuwar mijinta, Meram ta bar Gashua ta koma Nguru wurin yayanta Modu, mai lodin gyaɗa a tashar jirgi. Tun tana budurwa take bin kakarta karɓar haihuwa, har hannunta ya faɗa. Don haka da aka yi shela cewa asibiti na neman matan da za a koya wa aikin ungozoma, sai ta ce tana so.

Shirinta shi ne ta ƙulle bandar kifi mai kyau ta kai wa Baturiyar asibitin, wadda ake kira Sista, gaisuwa. A ƙofar gida ta haɗu da maƙwabciyarsu Akudo, matar wani akawun tashar jirgi, ta gaya mata inda za ta.

"Mayar da kifin nan," in ji Akudo da Hausarta ta 'yan kudu. "Ba haka ake yi ba. Zaunar da ke za su yi, su yi miki tambayoyi. Intabiyu ake ce masa. Zo ki gani."

Ta kifa turmi a tsakar gida ta zauna a kai, ta ɗaure fuska.

"Ni ce Sista. Me ya sa kike son aikin nan?"

Meram ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, duk yadda kika gani."

"Ban ji komai ba. Ɗago kai. Me kika iya?"

Nan abin ya yi wa Meram nauyi. An raine ta a kan cewa mace mai kunya ba ta kallon babba cikin ido, balle ta yabi kanta.

"Ba yabon kai ba ne," Akudo ta ce. "Ba su san ki ba, ba su san kakarki ba. In ba ki faɗa ba, wa zai faɗa? Abin da ba ki sani ba kuma, kada ki ƙaga."

Kullum da la'asar suka riƙa yi. Da Modu ya tarar da su ya yi dariya, sai Akudo ta naɗa shi tafinta, ya tsaya yana gwaranci da sunan Turanci har Meram ta daina jin tsoron turmin.

Ranar ganawa ta sami Sista a bayan tebur, da Malam Saleh mai fassara a gefenta. Aka nuna mata kujera. Ta zauna.

Aka ce ta ba da labarin haihuwa mai wuya da ta gani. Ta faɗi na Asta, matar wani masunci, wadda ɗanta ya zo da ƙafa lokacin da kogi ya cika ya datse hanya. Ta faɗi abin da kakarta ta yi da abin da ita ta yi, ba ta haɗa su ba.

"Da me kuke yanke cibiya?" Malam Saleh ya fassara.

"Da aska."

"Kuna tafasa ta?"

Meram ta gane amsar da ake so.

"A'a, Malam. Ban san ana yi ba. Tambaye ta, me tafasawar ke yi?"

Sista ta ajiye alƙalami ta shiga bayani game da ciwon da ke sanƙarar da jarirai. Meram ta tuna wasu da suka rasu kafin suna, jikinta ya yi sanyi. Ta miƙe da yaƙinin cewa ba za a ɗauke ta ba.

A baranda Malam Saleh ya cim mata. "Baiwar Allah, Sista ta ce ki zo Litinin. Gwaji ne tukuna, in kin riƙe abin da aka koya miki, ki zauna."

Farar rigar aikin da aka ba ta ranar Litinin ta yi mata tsawo, tana jan ƙasa. Ta kai wa Akudo, ta tsaya cak a tsakar gida ana kalmashe bakin rigar, tana ba ta labarin aska da ruwan zafi.