Ɓarauniyar Ƙofar Kawu Ukasha

Kafin damina Kawu Ukasha na Roni ya sa wa gidansa sabuwar ƙofar ƙarfe, ya hana a yi mata fenti, wai ƙyallinta ya fi kyau. Ruwa na ɗaukewa ƙofa ta yi jawur kamar an watsa mata manja. Ya ce fitsarin awakin maƙwabcinsa Kyari ne, har suka daina gaisawa.

Ana cikin haka Mu'minat, 'yar ƙanwarsa da ke karatun kemistiri a Kazaure, ta zo hutu. Ta kankare ƙofar da farce ta duba.

"Kawu, awaki ba su da laifi. Tsatsa ce. Iskar oksijin ce ta samu laima ta ƙwace wa ƙarfen ilektiron ɗinsa."

"Ƙwace? A ƙofar gidana? Mene ne ilektiron ɗin?"

"Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwayar ƙarfe an raba ta da guda uku. Wannan ƙwacen shi ake kira oksideshan." Ta ɗauki gawayi ta rubuta a bango. "A lissafinmu na kemistiri, da can lambar ƙarfen sifili ce. Yanzu ta zama ƙari uku."

Kawu ya washe baki. "Alhamdu lillahi, ashe ƙaruwa muka yi!"

"A'a, asara ce. Wanda ya rasa shi ke da ƙari. Ita oksijin da ta karɓe, lambarta ragi biyu."

"Ɓarauniya da ragi, mai kaya da ƙari? Wane alƙali ne ya yanke wannan hukunci?"

Ta yi masa bayani cewa shi ilektiron ragi yake ɗauke da shi, duk wanda ya rabu da shi sai lambarsa ta hau. Kawu bai saurara ba, waige-waige yake yi.

"Yanzu ɓarauniyar tana ina?"

"Ga ta nan kuna shaƙa, Kawu. Fenti kawai za a yi, ya shiga tsakaninsu."

Da yamma ya je ya ba Kyari haƙuri, ya ce mace ce ta yi ɓarnar, kuma ba ta kamuwa. Kyari bai gane ba, amma ya yafe.

Kashegari Kawu ya sayo koren fenti. Ya shafe ƙofa, ya shafe fartanya, ya shafe bokiti da kwaɗon ɗaki. Yana nufar tukunyar miya matarsa Tasalla ta fito da muciya, ya ja da baya.

Da rana ya zauna cin tuwo, hannu duk kore, yana ta alfahari ya gama da ɓarauniya. Mu'minat ta kasa yin shiru.

"Ai a cikin jiki ma haka take yi. Abincin da muka ci take ƙwace wa ilektiron, daga nan muke samun ƙarfi."

Kawu ya tsaya da loma a hannu. Ya miƙe ƙafa a hankali, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Tasalla, kin ji? Ta fara."

"Tsufa ne, Malam," in ji Tasalla.

Bai yarda ba. Ya sa aka ƙaro masa malmala biyu, ya ce gara ta samu abin ɗauka a ciki ta ƙyale masa gwiwa. Mu'minat kuwa ya hana ta sake bayanin komai a gidan sai ta koma makaranta.